Kukan Bayan Katanga: Lacca kan Cin Zarafi a Gidajen Aure

 

Masu girma iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamaina, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata da yayyena, ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta nan Kankiya, da baƙinmu da suka taso daga Kusada da Yashe da Rimaye da Kafin Soli, assalamu alaikum warahmatullah.

An ɗora mini magana a kan cin zarafi a cikin gida, da irin kamannin da yake zuwa da su, da abin da masana zaman jama'a suka ce yana haddasa shi. Ba maganar da aka saba yi gaban surukai ba ce. Ina neman afuwar manya idan na ambaci abin da kunya ta saba rufewa.

A 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da babban binciken lafiyar iyali, aka shiga gida-gida a dukkan jihohi ana yi wa mata tambaya a keɓe. Cikin matan da ke tsakanin shekara 15 da 49, kashi 31 cikin 100 suka ce an taɓa dukansu bayan sun kai shekara 15. Cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 36 suka ce miji ya taɓa cutar da su, ko da hannu, ko da baki, ko a shimfiɗa. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa, kashi 55, ba su nemi taimako ba kuma ba su faɗa wa kowa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: mata kashi 28 sun yarda miji yana da hujjar dukan matarsa idan ta ƙona abinci, ko ta yi masa gardama, ko ta fita ba izini, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa. Mazan da suka yarda da haka kashi 21 ne. Matan sun fi mazan yarda a dake su. Wannan ba halitta ba ce, tarbiyya ce, kuma mu muka yi ta.

A wancan binciken, abin da matan Arewa maso Yamma suka bayyana bai kai na wasu sassan ƙasar ba. Kada mu yi saurin buga ƙirji. Matar da tun daren kai ta ɗaki gwaggonninta suka ja mata kunne cewa sirrin miji ba ya tsallake bakin ƙofa, ba baƙuwa mai riƙe da takarda za ta buɗe wa cikinta ba.

Idan aka ce cin zarafi, duka ne ke fara zuwa a zuciyar mutane: mari, naushi, shaƙa, bulala, wayar wuta, jifa da abin da hannu ya kai gare shi. Wannan kowa ya san shi, domin yana barin tabo, kuma ma'aikatan Babban Asibitin Kankiya sun fi ni sanin yawan matan da ke zuwa da kumburarren ido suna cewa ƙofa ce ta buge su. Ba zan daɗe a kansa ba, sai dai in ce akwai mai juna biyun da ake shuri a ciki, kuma akwai ɓarin da ake ɗora wa iska alhali ƙafar miji ce.

Wanda ya fi yawa shi ne wanda ba ya barin tabo. Akwai horon yunwa. Miji ya yi fushi, sai ya daina awo, ya kulle rumbu, ya ci tsire da shayi a bakin titi ya shigo yana sakace haƙori, ita da yara su kwana da ruwan randa. Idan ta yi magana ya ce ai bai taɓa ta ba. Akwai cinye jari. Mai binciken nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, littafinta ya fito a 1972, ta nuna wa duniya cewa matan da ke cikin kulle suna da kasuwarsu a ɓoye: hatsi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, fura, yara na kai da kawowa, kuɗin kuma na mace ne ita kaɗai. Wannan 'yar dukiya ita ce garkuwar matar ƙauye, kuma ita ake fara karyawa. Ta ɗauki adashi, ya ce ranta mini zuwa kaka. Kaka ta zo ta wuce. Ya sayar da akuyarta, ya kai keken ɗinkinta jingina, gadon ubanta ya shiga hannunsa da sunan juyawa. Ranar da ta tambaya sai ya ce ashe ba ta yarda da shi ba.

Akwai na baki: gori kan haihuwar mata, gori kan rashin haihuwa, zagin iyayenta a gaban 'ya'yanta, kiranta jaka ko ballagaza a gaban kishiya. Akwai gaba, mutum ya yi wata guda bai amsa gaisuwar matarsa ba suna kwana ɗaki ɗaya. Akwai hana zuwa awon ciki, da hana kai ta asibiti tana naƙuda saboda mai gida ba ya nan kuma bai bar izini ba. Akwai raba ta da danginta, a ƙwace waya, a hana ƙannenta shigowa. Akwai saki da aka mayar abin tsoratarwa, kullum yana kan leɓe. Akwai kuma wanda Alƙur'ani ya hana ƙarara a Suratun Nisa'i, wato jingine mace: ita ba mai aure ba, ita ba sakakkiya ba. Ya tafi Legas ko Fatakwal shekara uku, ba aike ba takarda, kuma ya rantse ba za ta auri wani ba yana raye.

Na shimfiɗa kuwa, malamai su yi mini uzuri. Akwai tilastawa tana jego ko tana jinya, akwai tilasta ta ga abin da shari'a ta hana, akwai ƙaurace mata da gangan don horo, akwai kwaso cuta a waje a kawo mata sannan a hana ta magani don kada asiri ya tonu.

Kuma ba tsakanin miji da mata kaɗai abin ya tsaya ba. Uwar miji na iya zama ita ce mai riƙe da bulalar. Kishiya na iya huce haushin miji a kan ɗan kishiyarta. Agola, da 'yar riƙo, da 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauyukanmu aka kai birni, su ne ƙarshen layi, kowa a kansu yake saukewa. Akwai tsohon da 'ya'yansa suka karɓe gonarsa suka bar shi a zaure. Akwai mazan da matansu ke watsa wa ruwan zafi ko su zage su tas a gaban yara, su kuwa ba su da inda za su kai kuka, domin majalisa dariya za ta yi musu. Auren dole ma cin zarafi ne, kuma iyaye ne ke yin sa. A 2014 ƙasar nan ta girgiza da labarin yarinya 'yar shekara 14 a jihar Kano, wadda aka gurfanar bisa zargin sa guba a abinci kwanaki kaɗan bayan ɗaurin aurenta, angon da wasu mutane suka mutu. A 2015 aka janye tuhumar. Rayukan da suka salwanta ba su dawo ba, yarintarta ma ba ta dawo ba.

To me ke kawo wannan? A majalisa amsa uku ake bayarwa: zuciya, talauci, da bakin mata. Masana sun yi shekaru fiye da 50 suna bin waɗannan amsoshi, kuma abin da suka samo ya cancanci a saurara, ko da yawancinsu a Amurka da Turai suka yi aikinsu.

Albert Bandura, a Jami'ar Stanford a 1961, ya sa ƙananan yara suka kalli wani babba yana jibgar 'yar tsanar roba. Da aka bar su da ita, sai suka jibge ta yadda suka ga an yi. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa ɗan Adam da ido yake koyon hali, musamman idan ya ga wanda ya aikata bai sha wuya ba. Yaron da ya ga babansa ya mari innarsa, sannan ya ga an kawo wa baban tuwo da wuri, ya ɗauki darasi biyu a dare ɗaya. Yarinyar da ke laɓe a bayan ƙyaure ita ma ta ɗauki nata. Amma a kiyaye. Cathy Widom ta bi sawun yaran da aka zalunta har suka girma, ta wallafa sakamakon a 1989: haɗarin su aikata laifi ya fi na sauran yara, amma mafi yawansu ba su zama azzalumai ba. Kowa a zauren nan ya san mutumin da ya tashi a gidan duka ya rantse hannunsa ba zai taɓa mace ba, kuma ya cika. Gado yana ja, amma ba ya ɗaure mutum.

Batun talauci kuwa, William Goode ne ya tsara shi a 1971. Ya ce mai gida yana riƙe girmansa da abubuwa da yawa: kuɗi, ilimi, mutunci a gari, iya magana. Idan waɗannan suka ƙare, ƙarfin damtse ne ya rage masa, sai ya koma gare shi. Wannan bayani yana da ƙamshin gaskiya a wurinmu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kun san yadda kuɗin mota daga nan zuwa Katsina ko Kano ya koma, kun san kuɗin buhun taki, kun san gonakin da tsoron 'yan bindiga ya hana nomawa a sassan jihar nan. Namijin da aka raina shi a kan cewa cefane shi ne mazantaka, ranar da ya kasa, tambayar “me za a ɗora?” sai ta zame masa kamar zagi. Wasu masana suka ƙara da cewa haɗarin yakan ƙaru idan matar ta fi mijin samu, malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke auren wanda kasuwa ta karye masa. Sai dai talauci bai isa bayani ba. Gidajen da ba a ɗora tukunya sau biyu a rana, da yawansu ba a taɓa jin ko tsawa ba. Kuma akwai gidan bene mai mota uku da hajiya ke rufe fuska da mayafi don ɓoye shatin yatsu. Haka batun ƙwaya. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, tiramadol da wiwi kuma har yau suna yawo a hannun matasa. Maye yana cire birki, amma ba shi ke zaɓar wanda za a daka ba.

Ana yawan tambaya, in dai da gaske tana shan wuya, me ya zaunar da ita? Lenore Walker ta saurari ɗaruruwan matan da ake duka, a 1979 ta bayyana cewa abin zagaye yake yi. Kamar damina ne: hadari ya haɗu, gida ya yi tsit, tana taka ƙasa a hankali, sai a kece da ruwa, sai gari ya washe. Ya shigo da balangu a leda da turmin atamfa, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya rantse ba zai sake ba, wani har da hawaye. Wannan washewar ita ke zaunar da ita, domin a ranar tana ganin mutumin da ta aura. Da tafiya ta yi nisa, kwanakin lallashin sai su riƙa raguwa har su ɓace.

Michael Johnson a 1995 ya raba abin gida biyu, kuma ina roƙon masu sulhu su riƙe wannan rabon. Akwai faɗan ma'aurata: gardama ta yi zafi, aka yi cacar baki, wataƙila aka kai hannu, kowa ya ji kunya daga baya, ba mai tsoron wani. Akwai kuma mulkin tsoro, inda mutum ɗaya ya mallake ɗaya, yana ƙirga fitarta da kuɗinta da wayarta da dariyarta, dukan kuma ɗaya ne kawai daga cikin kayan aikinsa. Na farko nasiha na gyara shi. Na biyu idan ka zaunar da su ka ce kowa ya yi haƙuri, ka miƙa ta ne ga wanda zai hukunta ta a daren saboda ta kai ƙara. Alamar da za ka gane shi ita ce tsoro: dubi wanda ke kallon ƙasa, wanda ke satar kallon ɗayan kafin ya amsa tambaya. Evan Stark ya faɗaɗa wannan a 2007, kuma a 2015 Ingila ta mayar da irin wannan mallakewa laifi a dokarta ko da ba a kai hannu ba.

Rebecca da Russell Dobash sun yi nasu aikin a Sikotilan, suka duba takardun 'yan sanda, suka zanta da matan da suka gudu daga gidajensu, littafinsu ya fito a 1979. Suka tarar rigimar kusan kullum a kan abu uku take tashi: kishi, aikin gida da abinci, da kuɗi. Suka ce tushen shi ne imanin namiji cewa matarsa mallakarsa ce kuma yana da ikon hora ta. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ta Kankiya ko ta Kusada ranar sauraron ƙarar aure zai ce ai waɗannan ukun ne. Na san da zarar an ce ra'ayin masu rajin 'yancin mata ne, wasu za su toshe kunne su ce kayan Turawa ne. To Shehu Usmanu Ɗanfodiyo fa? A cikin Nurul Albab ya caccaki malaman ƙasar Hausa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna amfani da su kamar kayan aikin gida, kuma ya gargaɗi mata game da masu yi musu wa'azin biyayyar miji suna ɓoye musu biyayyar Allah da ManzonSa. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Shekara 200 ke nan. Ba daga waje aka kawo mana wannan magana ba.

Yanzu na zo kan bayanin da nake ganin ya fi kowanne amfani gare mu. Richard Gelles a 1983 ya ce mutum yana dukan iyalinsa ne saboda yana iyawa, wato abin da zai samu ya fi abin da zai rasa. Ku gwada wannan a kan mai cewa zuciya ce ta ɗebe shi. Ɗan sanda ya zage shi a shingen hanya, bai mare shi ba. Ubangidansa a kasuwa ya ci masa mutunci gaban jama'a, ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya huci zuciyar Alhaji. Ya dawo gida, miya ta yi gishiri, sai zuciyar ta tashi. Zuciyar da ta san wanda za ta ɗebe a kansa, lissafi take yi. Marin ɗan sanda yana da tsada. Marin mata kyauta ne.

Iyayenmu ba su karanta Gelles ba, amma sun sa wa abin farashi. Shi ne yaji da biko. Mace idan an cuce ta, ta ɗauki mayafinta ta tafi gidansu, kuma ba a kiran wannan fita ba izini. Murhu ya mutu, gari ya sani. Miji ya nemi dattawa su raka shi, ya tsuguna a zauren surukinsa, a tambaye shi abin da ya faru a gaban mutanen da yake jin nauyi, a yi masa faɗa, ya ɗauki alkawari, wani lokaci a ce ya je ya dawo. Kunyar wannan tsugunon ita ce tarar da yake biya, kuma da yawa ba sa son biyanta sau biyu. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, cike yake da matan da suka bar auren da ba su so, danginsu kuma suka buɗe musu ƙofa. Ba ina cewa zamanin da aljanna ne ba. Auren dole ya fi yawa a lokacin. Ina cewa ne mace tana da wurin zuwa.

Yau fa? Ta iso gida da kumburarriyar fuska, kafin ta ajiye jaka uba ya ce wa ƙaninta ya ɗauko babur ya mayar da ita. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Ya sayar da gona ya yi kayan ɗaki, har yanzu ana bin sa bashin gado da kujeru, ga ƙannenta uku a gaba, ga tsoron a ce gidansa gidan zawarawa ne. Uwa ta raka ta bakin zaure tana cewa, “Yi haƙuri 'yar nan, aure ibada ne, mu ma haka muka zauna.” Mijin bai taka ko'ina ba, bai tsuguna wa kowa ba. An nuna masa cewa babu farashi, kuma ya fahimta. Ga shi kuma zaman gandu ya watse. Da, a babban gida, tsoho na zaure zai yi gyaran murya ya ce, “Kai, wane, me nake ji haka?” Yanzu ɗakin haya ne a bayan gari ko a wata jiha, maƙwabci ya ji kuka ya ƙara ƙarar rediyo, ya ce tsakanin miji da mata sai Allah.

Haƙuri halin ƙwarai ne, ba mai musun wannan. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora shi duka a kan wanda aka daka, a sallami wanda ya yi dukan ba tare da ko tambaya ba.

Sannan akwai abin da ya fi komai ɗaure mace: 'ya'ya. Al'ada ta ce da an yaye yaro na uba ne. Mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ba haka ta ce ba. Renon ɗa namiji na uwa ne har ya balaga, na 'ya mace har ta tare a gidan miji, matuƙar uwar ba ta yi wani aure ba, ciyarwa kuma a wuyan uba. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da sakakkiya daga ɗakinta tana idda, mu kuwa takarda da “tattara ki bar mini gida” tare suke fitowa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta zana irin wannan kora a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne tun 1990, kuma har yau labarin bai tsufa ba. Mata nawa ne a Kankiya da Kusada ke zaune cikin wuta saboda ba wanda ya taɓa gaya musu cewa shari'a ba ta ce a ƙwace musu 'ya'ya ba?

Na san akwai mai jira in zo kan aya ta 34 ta Suratun Nisa'i. Malamai na zaune, su ne masu fassara, ni ɗalibi ne. Abin da na karanta a wurinsu shi ne: Nana A'isha ta shaida, a ruwayar Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima ba. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, babban malamin Makka cikin tabi'ai, ya tafi a kan cewa kada miji ya doki matarsa ko ta saɓa masa, kuma Alƙali Ibnul Arabi ya kawo maganarsa a Ahkamul Ƙur'an ya yaba fahimtarsa. Ibnu Ashur, malamin Malikiyya na Tunisiya da ya rasu a 1973, ya ce idan maza suka wuce iyaka, hukuma na da ikon hana dukan ta kuma hukunta mai yi. Ko malaman da suka halatta, sun kewaye abin da sharuɗɗan da babu marin fuska a ciki, babu tabo, babu wayar wuta. Wanda ya fasa wa matarsa baki saboda tuwo ya yi gudaji, kada ya jingina da aya.

Fiƙihun da ke cikin Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su, ya ba matar da aka cutar damar alƙali ya raba auren ba tare da ta biya ko kwabo ba, kuma ba sai an tabbatar cutarwar ta maimaitu ba. Idan ta riga ta fanshi kanta da hul'i saboda azaba, daga baya cutarwar ta tabbata, ana mayar mata da kuɗinta. Idan hujja ta yi wuya, alƙali na iya zaunar da su cikin mutanen kirki su sa ido, ko ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata. Ga kuma wurin da ya shafi kowa a zauren nan: cutarwa tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta da mata da masu hidima. Ma'ana, abin da ka ji ta bayan katanga hujja ce a gaban alƙali. Maƙwabcin da ya ce ba ruwansa, shaida ya ɓoye. Sau da yawa mace na shiga kotu da tabo a jiki ta fito da bashin sadaki a kanta, saboda duk unguwa an ji amma ba wanda ya yarda ya taka ya faɗa.

Dokar gwamnati ta daɗe tana bayan fiƙihu a nan. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, a sashe na 55, ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa idan al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba, irin karya ƙashi ko fasa ido ko cire haƙori. A 2015 aka sa hannu kan dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda ta ambaci dukan abokin aure, da korarsa daga gida da ƙarfi, da watsar da iyali ba abinci, da muzantawa, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya. A Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta yi tata. Jihar Katsina ta yi dokar kare yara a 2020, ta yi tata dokar hana cin zarafi a ƙarshen 2023. Dokar da ke cikin durowa a Katsina ba ta hana mari a Kafin Soli, sai mai unguwa da limami da ɗan Hisba da ɗan sanda sun san da ita, sun kuma daina cewa a je gida a sasanta kafin su dubi raunin.

Lori Heise a 1998 ta tattara duk waɗannan bayanai ta ce ba sa karo da juna. Akwai abin da mutum ya taso da shi, akwai yanayin aurensa, akwai unguwarsa da abokansa, akwai abin da al'umma gaba ɗaya ta ɗauka daidai ne, kowanne yana cikin na gaba da shi. Amfanin wannan shi ne ya nuna inda hannunmu zai kai. Ba za mu iya sauya yarintar magidanci ɗan shekara 40 ba, kuma farashin taki ba a hannunmu yake ba. Amma abin da unguwa ke yi idan ta ji kuka, wannan namu ne. An gwada a Kampala ta ƙasar Yuganda, inda aka horar da mutanen unguwa, maza da mata, su riƙa tattauna batun iko a cikin gida suna kuma shiga tsakani. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna dukan mata a unguwannin da aka yi aikin ya yi ƙasa da kusan rabi idan aka gwada da sauran.

Saboda haka roƙona ga iyaye maza: idan 'yarka ta zo, bar ta ta kwana, ka duba jikinta, ka jira mijin ya zo da ƙafarsa da manyansa. Ga masu unguwanni da dagatai, Allah ya ja zamaninku: a ji ta bakin matar ita kaɗai, ba a gabansa ba, a kuma rubuta ranar da abin da aka gani, domin idan ta dawo karo na uku kada a fara daga farko. Ga limamai, Allah ya gafarta malam: huɗubar haƙƙin miji mun haddace ta, muna jiran ta hukuncin cutarwa da ta renon 'ya'ya.

Ku kuma 'ya'yana ɗaliban lafiya, gobe ku ne a ɗakin shan magani na Rimaye ko na Yashe. Mace za ta zo da ciwon kai da ba ya jin magani, ko rauni a bayan hannu inda ta kare fuskarta, ko ɓari na biyu, mijin na tsaye a kanta yana amsa tambayar da ita aka yi wa. Ku nemi dabarar fitar da shi, ku aike shi sayen allura ko yankar kati. Ku tambaye ta a hankali ko lafiya take zaune a gida. Idan ta ce ƙofa ce, kada ku matsa, kada ku yi mata faɗa, kada kuma labarin ya fita daga bakinku zuwa unguwa. Amma ku rubuta a katinta abin da idonku ya gani: wurin raunin, girmansa, launinsa, da kwanan wata. Idan akwai shatin yatsu a wuya, ku sanar da babban ma'aikaci nan take, domin bincike ya nuna wadda aka taɓa shaƙewa tana cikin haɗarin kisa fiye da sauran. Wata rana alƙali zai nemi wannan katin.

An ce akwai lokacin tambayoyi. Ina roƙon mai gabatarwa ya fara miƙa abin magana ɓangaren mata, wadda kuma ba ta son tashi ta rubuto a takarda ba sai ta sa suna ba.